Ranar da rezo ya ɗauke, wa zai kai kuka?

Bazara ta kankama, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Shi ya sa yau zan ajiye maganar bashi da riba a gefe, mu yi maganar ruwa, da yadda labari ke tafiya in ruwa ya yi gyara.

Babu wadda ta manta daminar 2024. A faɗin Nijar ruwa ya ci rayukan mutum fiye da 300, ya taɓa fiye da mutum miliyan ɗaya. Maraɗi ta sha wuya, mu ma nan jahar Damagaram ba a bar mu a baya ba. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni, wanda ya yi wajen shekara 170 a tsaye, ya zube. Har komawar yara lakkol sai da aka ɗaga daga farkon Oktoba zuwa 28 ga wata, saboda azuzuwa da yawa sun cika da mutanen da gidajensu suka faɗi, wasu kuma ruwa ya lalata su.

In kun tuna yadda abin ya riƙa faruwa, yawanci da dare ne. Katanga ta sha ruwa kwana biyu ko uku, tsakar dare ta kwanta. Wa ke cikin ɗaki a lokacin? Mu ne, da ƴaƴanmu, da tsofaffinmu. Maigida wataƙila yana gona mai nisa, ko ya tafi ci-rani Kano ko Agadas ko Libiya. Sai ki jawo waya, ki tarar caji ya ƙare don tun jiya babu kuran. Ko akwai caji babu kiredi. Ko duka biyu akwai, amma rezo ya ɗauke. To a wannan lokacin, wa zai kai kuka gaba?

Domin mi waya ke yin shiru a ranar da aka fi buƙatar ta

Wayar hannunki ba kai tsaye take magana da wayar ƴar uwarki ba, ko da kuwa katanga ɗaya ce tsakaninku. Muryarki sai ta hau dogon ƙarfen nan na kamfani, ta bi ta na'urorinsu masu nisa, sannan ta dawo. Shi kuma dogon ƙarfen yana cin wuta dare da rana. In kuran ya ɗauke sai ya koma kan batir ko inji mai shan gazuwal. In hanya ta yanke, motar da ke kai gazuwal ba ta isa. In iska ta kada turken wuta ko ruwa ya tone igiyar da aka binne, shi ke nan. Kuma ko ƙarfen na aiki, ranar tashin hankali kowa kira yake a lokaci guda, layi ya cushe kamar ƙofar Kasuwar Dole ranar jajibirin salla.

Mun ɗanɗana kaɗan daga cikin wannan a 2023. A watan Agusta na shekarar, lokacin takunkumi, aka yanke wutar da ke zo mana daga Najeriya ta hanyar Katsina, ta biyo Gazawa ta rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Watanni aka yi ana fama, sai cikin 2024 ta dawo. Kowace ta ga yadda cajin waya kaɗai ya zama aiki. Wannan fa babu ambaliya a kai ke nan.

Akwai wata hanyar magana da ba ta bi ta kamfani. Kun san ƴar rediyon nan ta hannu da jami'an tsaro da ƴan kwana-kwana da masu gadin manyan ma'aikatu ke riƙewa, mai ɗan tsinke a ka, wadda ake ce wa oba-oba, wasu su ce Motorola. Ba ta da sim, ba a sa mata kiredi. Ki danna maɓalli ki yi magana, ki saki ki saurara. Duk wanda ke kan layi ɗaya da ke zai ji ki a lokaci guda, mutum goma ne ko hamsin. Cajinta guda kan kai wuni, ƙaramin pano na hasken rana kuma ya ishe ta.

Sai dai tana da gajeren zango. Irin muryar da take aikawa tafiyar ido take yi: inda ido zai iya hangowa, nan take kaiwa. Mutum a tsaye a fili, iyakar abin da yake hange bai wuce kilomita 5 ba, daga nan ƙasa ta lanƙwasa. Cikin gari kuwa, da katangu da duwatsun nan namu, zangon ya fi haka gajarta.

Maganin wannan shi ne na'urar miƙa murya, wadda masu gyaran rediyo ke kira rele da Faransanci. Akwati ce ƴar madaidaiciya da ake ɗorawa a wuri mai tsawo, kan dutse ko kan tankin ruwa ko kan dogon ƙarfe, da eriyarta da panonta da batirinta. Tana sauraro ta ƙofa ɗaya, tana fitar da abin da ta ji nan take ta wata ƙofar da ƙarfi fiye da yadda ya shigo. Kamar yaron da aka ce ya hau rimi: na ƙasa ya yi kira, shi ya ji, ya ɗaga murya ya miƙa wa na bayan tudu. Eriyar da ke sama da mita 30 tana hango wajen kilomita 20 ta kowane gefe. Ke nan mace a ƙauyen gabas da mace a ƙauyen yamma, kilomita 40 tsakaninsu, za su ji juna da ƴar oba-oba a hannu, muddin na'urar na tsakiya. Daga Damagaram zuwa Mirya bai kai kilomita 20 sosai ba, sai ku auna da kanku.

Inda aka gwada aka ga amfani

A ƙasashe da yawa, mutanen gari ne ke kafa irin waɗannan na'urori da kuɗin aljihunsu. Suna da ƙungiyoyi, suna da takardar izini daga hukuma, babu mai biyan su albashi. Ranar lafiya hira suke yi da ita. Ranar masifa ita ce ke zama bakin gari.

A ƙarshen Satumba 2024, wata guda da faɗuwar masallacin Birni, guguwar da aka sa wa suna Helene ta afka wa yankin duwatsu na jahar Karolina ta Arewa a Amurka. Ruwa ya share hanyoyi da gadoji, wuta ta ɗauke, waya ta mutu. Amurka fa, mai kuɗi da jirage. Abin da ya rage yana aiki har da wata na'urar miƙa murya ta ƴan sa-kai da ke kan dutsen Mitchell, mai tsawon mita fiye da 2,000. Kwanaki aka yi ana amfani da ita: a faɗi hanyar da ta yanke, a faɗi inda ake buƙatar magani ko ruwan sha, a kira sunayen mutanen da danginsu ke nema har a samu wanda ya gan su.

Kada ku ce ai wannan sai masu kuɗi. A Indunisiya akwai dutse mai aman wuta da ake kira Merapi, manoma da masu kiwon shanu ne ke zaune a gindinsa. Sun daɗe da haɗa ƙananan gidajen rediyon ƙauye da oba-oba a hannun ƴan sa-kai masu lura da dutsen. Da ya yi babban amai a watannin Oktoba da Nuwamba 2010, mutum fiye da 300 sun rasu, amma an kwashe fiye da dubu 300 daga yankin, kuma waɗannan ƴan sa-kai na cikin masu kai labari ƙauye-ƙauye.

Kada kuma ku ce aikin maza ne. Ranar 26 ga Disamba 2004, da girgizar ƙasa ta tayar da igiyar teku ta halaka mutum fiye da dubu 200 a ƙasashen da ke bakin tekun Indiya, wata mata ƴar Indiya mai suna Bharathi Prasad tana garin Port Blair a tsibiran Andaman. Ta je ne da abokan sha'awarta don su gwada magana da ƙasashen nesa ta rediyo. Da layukan waya suka mutu, ta mayar da na'urarta ta aikin ceto, ta zauna tana karɓar saƙon mutanen tsibirin tana miƙawa ga danginsu a babban yankin Indiya.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage

Tun kafin waya, Damagaram ta san yadda ake isar da labari. Akwai tambari a fada, akwai mai shela da ke zaga unguwanni, akwai ɗan aike a kan doki daga Birni zuwa garuruwan da ke ƙarƙashin sarki. A ƙauye, in gobara ta tashi ko ɓarawo ya shigo garke, kuwwa ake yi, na kusa ya amsa ya miƙa wa na gaba. Kowa ya san in ya ji ba zai yi shiru ba. Na'urar miƙa murya kuwwar ce dai aka sa mata batir.

A zamanin nan ma Nijar ta riga ƙasashe da yawa. A 1999 aka buɗe gidan rediyon karkara na farko a Bankilare, cikin jahar Tillaberi, mai aiki da hasken rana, da taimakon cibiyar nazarin yanayi ta Afirka, ACMAD, da ke Yamai. Babban abin da aka kafa shi dominsa shi ne manomi da makiyayi su ji labarin ruwa da harshensu. Aka raba rediyoyin da ake murɗawa da hannu, ba sai da batir ba. Yau gidajen rediyon karkara sun haura 100 a ƙasar. A nan muna jin Muryar Sahel, muna jin Anfani da Shukura, ga shirye-shiryen Studio Kalangou da Hausa. Sannan tun 2009 hukumar abinci ta duniya, FAO, ta fara kafa ƙungiyoyin masu sauraro na Dimitra a ƙauyukan Nijar, mata da nasu maza da nasu, ana ba su rediyo da waya su saurara su mayar da martani.

Amma rediyon FM hanya ɗaya ce. Yana gaya miki, ke ba ki iya gaya masa, sai kin kira ta waya, wayar da muka ce ita ce ke fara mutuwa. Giɓin da ya rage ke nan: yadda kuka zai fita daga ƙauye ya isa inda mota da likita da ƴan kwana-kwana suke. Kuma ba damina kaɗai ba. ƴan uwanmu na Tanut da Gure da Taskar sun san gobarar daji bayan kaka, lokacin da ciyawa ta bushe iska na kaɗawa, a wuraren da rezo sai an hau tudu ake samu. Na kwarin Korama, wajen Magarya da Matamaye, sun san yadda ruwa ke raba ƙauye da hanya kwana da kwanaki, mai naƙuda na kwance.

Abin da ke kashe na'ura, da abin da muke da shi

Ga inda nake so mu tsaya mu yi tunani sosai. Sayen na'ura shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Kowacenmu ta san famfon da proje ya kafa ya tafi, ya lalace babu mai gyara. Mun san injin niƙan da aka kawo da kiɗa da rawa, yau kaji ke kwana a kansa. Na'urar miƙa murya ma haka take mutuwa. Ƙurar hunturu ta rufe pano babu mai gogewa. Zafin bazara ya cinye batir, ga shi ba a ajiye kuɗin sabo ba. Tsawa ta faɗa wa eriya don ba a sa mata wayar da ke kai wutar ƙasa ba. Mafi muni, a yi wata shida babu wanda ya kunna, ranar da ruwa ya zo a danna a ji shiru.

Ƙungiyoyin ƴan sa-kai da na ambata, abin da ke riƙe da su al'ada ce guda. Suna da rana da lokaci a kowane sati da kowa ke kunna rediyonsa. Mutum ɗaya ya jagoranta, ya kira suna ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa, a rubuta a littafi. Wanda ba a ji shi ba a bincika dalili. Suna karɓar ɗan kuɗi daga membobi saboda gyara. Suna da wanda ke riƙe da makullin ɗakin na'ura.

Ƴan uwa, wannan bai yi muku kama da wani abu ba? Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a Maraɗi tare da ƙungiyar CARE, aikinmu ke nan. Duk sati muna zama a rana ɗaya, a kira suna, a zuba, a ƙidaya a gaban kowa. Akwatinmu kwado uku gare shi, makullai a hannun mata uku. Wadda ta makara ta biya tara. Muna da asusun taimako dabam da na bashi. Wannan tsari da ya fito daga ƙauyukanmu yau ana bin sa a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Mata 25 da suka riƙe akwati shekara goma babu dala ɗaya da ta ɓace, riƙon rediyo ba zai gagare su ba. Kuma mu ne a gida dare da rana, rani da damina. Mu muka san gidan da ke da tsohuwa marar gani, da mai ciki wata tara, da ɗakin da katangarsa ta tsage tun bara.

Gargaɗi kafin kowa ta taɓa aljihu

Zan faɗa da babbar murya: kada wata ƙungiya ta aika a sayo mata oba-oba daga kasuwa ta kunna haka kawai. Layukan iska na hukuma ne. A Nijar hukumar ARCEP ce ke ba da izinin amfani da su. Kuma kun san halin tsaro da ƙasa ke ciki. Miyagu ma suna amfani da irin wannan na'ura, don haka wanda aka kama da ita babu takarda zai sha tambayoyi, ya jawo wa kansa da garinsa abin da ba a so. Hanyar ita ce ta gaban kowa: mai gari ko mai unguwa ya sani, sarki ya sani, ma'aikatar magajin gari da prefe su sani, jandarma su sani, a samu takarda, a rubuta sunan duk wadda ke riƙe da na'ura. Zai ɗauki lokaci. Gara a yi shekara ana bin takarda da a yi kwana ɗaya a tsare.

Abu na biyu, oba-oba ba ta da sirri. Duk mai irinta zai iya ji. Ba a zancen siyasa a kanta, ba a faɗin inda aka ga jami'an tsaro, ba a tallar kaya, ba a gulma. In mace na naƙuda, a ce ana buƙatar mota a gari kaza, ba sai an kama sunanta ba. In an yi rasuwa, kada uwa ta fara jin sunan ɗanta a iska.

Abu na uku, abin da ido ya gani kaɗai ake faɗi. Ƙarya ɗaya ta isa ta kashe amanar layi. In aka tayar da gari sau biyu a banza, na uku babu mai fitowa, ranar kuwa da gaske ne. Saƙo mai kyau gajere ne: ni ce wance, daga wuri kaza, ga abin da ya faru, mutum kaza abin ya shafa, ga abin da muke buƙata. Sai ki saki maɓalli ki jira amsa.

Abin da za mu iya yi kafin ruwan farko

Na'urar miƙa murya ba za ta samu a wannan damina ba. Amma akwai aikin da ba ya jiran takarda, kuma shi ne zai nuna ko mun isa riƙe na'urar in ta zo.

A zaman wannan satin, bayan an rufe akwati, a ƙara rabin awa. A lissafa gidajen da ke cikin kwari ko bakin tabki, da masu tsohon gini, da masu mutanen da ba su iya gudu da kansu. Kowane gida a ba shi mace biyu daga ƙungiya da za su buga ƙofarsa in abu ya taso. A tsayar da wurin da za a taru, mai tudu, wanda kowa ya sani har yara. A yarda da alama ɗaya, usur ko bugun tasa ta wata siga da ba za a ɗauka ta biki ba ce. A je wajen liman da ladan a roƙi alfarmar lasifikar masallaci, a kuma tambaya ko tana da batir, don lasifikar da ta dogara da kuran tare da shi take ɗaukewa.

Kowace ƙungiya ta mallaki rediyo guda mai cajin rana, a sa mace ɗaya kowane sati ta riƙa sauraron hasashen meteyo tana faɗa wa saura. A ajiye ƙaramar waya ta ƙungiya mai sim biyu na kamfani dabam-dabam, kullum da caji da kiredi, ba a kiran gaisuwa da ita. A rubuta lambobi a takarda a sa cikin leda: 18 ta ƴan kwana-kwana, ta majo na likitar da ta fi kusa, ta mai gari, ta mai mota ko mai kabu-kabu ko mai amalanken da ya yarda a tashe shi da dare. Takarda ba ta buƙatar caji.

Sannan ku tambaya ko akwai kwamitin SCAP/RU a yankinku. Kwamitocin sa-ido ne na ƙauyuka, masu tattara labarin yunwa da cuta da ambaliya da gobara su kai wa ma'aikatar magajin gari, daga can ya wuce sama. In akwai, mace nawa ce a ciki, kuma suna magana ko zama kawai suke? In babu ko ya yi barci, ƙungiyarku ta nemi a tada shi. Ta wannan ƙofar ce maganar rediyo za ta shiga kunnen hukuma da sauƙi, domin abin da ake nema ƙarfafa aikin da ita ma ta ce a yi ne.

Maganar kuɗi

Na san tambayar da ke bakinku. Ƴar oba-oba guda ba ta kai kuɗin babbar wayar Android ba. Na'urar miƙa murya da eriya da pano da batir da kuɗin mai haɗawa da na takarda, wannan kam ya fi ƙarfin ƙungiya ɗaya. Amma ba ƙungiya ɗaya za ta amfana ba, don haka ba ita kaɗai za ta biya ba. Mu yi lissafi. Mata 25, kowace dala goma a sati, jika ɗaya da dala hamsin ke nan, wato sefa 1,250. A shekara 65,000. In ƙungiya 20 na tarayya ɗaya suka yi haka, 1,300,000 a shekara. Dala goma fa, kuɗin magi.

Wannan kuɗi a ware shi, kada ya shiga bashi, kada a raba shi ranar fasa akwati. Kuma shawarata, kada a kashe shi duka wajen saye. In za a je ma'aikatar magajin gari ko wajen Croix-Rouge ko wani proje, a ce musu: ku taimaka da na'ura da horo da bin takarda, mu mun ɗauki gogewar pano, da sabon batir in wannan ya gaji, da gadin wuri, da kiran suna duk sati, ga littafinmu ga kuɗinmu. Masu ba da taimako sun saba jin a ba mu. Ba su saba ganin waɗanda suka zo da kuɗin gyara a hannu ba. A nemi farashi wajen mutum uku kafin a yanke, kamar yadda muke yi in za mu sayi buhun gero na ajiya. Wajen gyara kuma a jawo yaranmu, masu gyaran waya da rediyo na kasuwa da ɗaliban fasaha na jami'ar André Salifou, a sa ƴan mata a cikin waɗanda za a koya wa.

Wata za ta ce maigida ba zai yarda ta riƙe abin sojoji a ɗaki ba. Da gaskiyarta, kuma shi ya sa maganar za ta fara daga gaban mai gari, a bainar jama'a, maza na zaune. In ya ga takarda, ya ga liman da majo a cikin tsarin, ya kuma tuna cewa ranar da yake ci-rani uwarsa ce da ƴaƴansa a cikin ɗakin, zai sauko. Inda bai sauko ba, kada a ja, a ba wata.

Wata kuma za ta ce rediyo ba ya hana katanga faɗuwa. Haka ne. A yi yaɓe tun yanzu, a gyara indararo, a yashe magudanar ruwa, a daina zuba shara da leda a hanyar ruwa. Wadda ɗakinta ya tsage, ƙungiya ta duba ko asusun taimako zai iya yi mata wani abu kafin Yuli. Rediyo na bayan wannan ne, na daren da aka yi duk abin da za a iya ruwa kuma ya fi ƙarfi, ya zama minti talatin ne tsakanin a ciro yaro da rai da a ciro gawa.

Don haka ga aikin gida. Kowace shugaba ta sa wannan magana cikin zaman satin nan. Sakatariya ta rubuta gidajen da aka lissafa da sunayen masu buga ƙofa. A zaman tarayya na wata mai zuwa kowace ƙungiya ta zo da takardarta da amsar tambaya ɗaya: mun yarda da dala goma ko ba mu yarda ba? Ƙungiyar da ta gwada usur ɗinta da dare ta ga minti nawa aka ɗauka kafin kowa ya isa wurin taruwa, ta aiko mana da sakamakon, za mu buga a wannan fili don saura su gani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa ruwan ya sauka a gona ya bar mana ɗakunanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.